Sosej da naman gwangwani ga mai ciwon ƙoda: shin wanda aka rage wa gishiri ya fi?

Tambaya: Mahaifina yana da shekara 63. Likita ya ce ciwon ƙodarsa ya kai mataki na huɗu, amma ba a fara masa wankin ƙoda ba. A gwajin jini na ƙarshe ƙarfin tacewar ƙodar ya nuna 24, fotasiyam 5.3, fosfaras 5.2. Yana shan losartan saboda hawan jini. An ce mu rage masa gishiri, sai na koma saya masa sosej da naman gwangwani waɗanda aka rubuta a jikinsu cewa an rage musu gishiri, domin su ne yake ci da marmari. Shin na yi daidai? Kuma nawa ne iyakar gishiri da fosfaras da fotasiyam da zai iya ci a rana?

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya, ya saka miki da alheri bisa wannan hidima. Na daɗe ina aikin tsara abincin masu ciwon ƙoda, kuma abin da kika yi shi ne abin da yawancin masu jinya suke yi idan suna ƙaunar mara lafiyarsu: an ce a rage gishiri, suka nemi abin da aka rubuta wa "an rage gishiri". Ba sakaci kika yi ba. Sai dai a lamarin Baba, ina roƙonki ki dakatar da waɗannan kayan tun yau, kuma wanda aka rage wa gishirin shi na fi jin tsoro a kan wanda ba a rage wa ba.

Ga dalili. Gishiri a naman kamfani ba don ɗanɗano kaɗai yake ba. Shi ke hana naman lalacewa, shi ke sa ya riƙe ruwa ya haɗe jikinsa. Idan kamfani ya cire wani kaso na gishirin, dole ya nemi abin da zai maye gurbinsa, kuma abin da aka fi amfani da shi shi ne gishirin fotasiyam. A baki suna kama da juna, a jikin mai lafiyayyar ƙoda kuma musanyar alheri ce, tana ma taimakawa wajen saukar da hawan jini. Amma ƙodar da ƙarfinta ya sauko zuwa 24 ba ta iya fitar da fotasiyam yadda ya kamata, ga shi kuma losartan da 'yan'uwansa irin su lisinopril da enalapril da spironolactone suna ƙara sa jiki ya riƙe shi. Wani bincike da aka yi a Kanada, aka wallafa a 2018, ya auna kayan nama da na kaji da aka rage wa sodiyam, wato sinadarin da ke cikin gishirin girki, aka tarar fotasiyam ɗinsu ya fi na takwarorinsu da kusan kashi 44 cikin 100. Wato an gudu ba a tsira ba. Ita ma Hukumar Lafiya ta Duniya da ta fitar da shawara a 2025 cewa mutane su koma amfani da gishiri mai fotasiyam, ta ware masu matsalar ƙoda daga wannan shawarar.

Fotasiyam a jini ya kamata ya tsaya tsakanin 3.5 da 5.0. Na Baba 5.3 ne, ya ɗan haura, bai kai na gaggawa ba, amma ba shi da sauran filin da za a ƙara masa. Abin da ke sa mu fargaba da shi shi ne ba ya sallama. Mutum zai iya zama lafiya lau a ganin ido alhali ya kai 6.0 ko sama, matakin da yake iya dagula bugun zuciya har ya tsayar da ita. Idan kika ga Baba ya yi wani irin sanyin jiki a ƙafafu da hannaye, ko yana jin bugun zuciyarsa ya sauya, ko jiri da amai, kada a jira ranar ganin likita, a tafi asibiti a lokacin.

Akwai wani abu da nake so ki lura da shi a nan, domin mun daɗe muna kuskure a kai, mu ma'aikatan lafiya. Da can da zarar fotasiyam ya hau, sai a miƙa wa mara lafiya takarda mai hana shi ayaba da lemu da tumatir da ganye, a bar shi da burodi da naman gwangwani. Yanzu an gane cewa fotasiyam ɗin da ke cikin tsiro yana kulle ne a cikin ƙwayoyin tsiron, jiki ba ya tsotse shi duka, kuma ɓawon da ke cikin ganye da 'ya'yan itace yana sa bayan gida ya tafi daidai, hanji kuwa hanya ce ta biyu da fotasiyam ke fita idan ƙoda ta gaza. Wanda aka zuba a kamfani kuwa narkakke ne, kusan dukansa ke shiga jini. Shi ya sa ƙa'idojin 2024 na KDIGO, ƙungiyar ƙwararru kan ciwon ƙoda ta duniya, suka fi nuna yatsa ga abincin da aka sarrafa. Don haka kafin a raba Baba da 'ya'yan itace, a fara raba shi da abin da ke cikin leda da gwangwani, a sake gwaji, a ga inda aka kwana.

Sai fosfaras, wanda a ganina shi ne ɓarawon da ba a cika ganinsa ba.

Duk nama yana da fosfaras na halitta. A giram 100 na ɗanyen naman sa ko kaza akwai kimanin miligiram 200. Amma ba duka jiki ke ɗauka ba: daga nama da madara da ƙwai hanji na tsotse kashi 40 zuwa 60 cikin 100, daga wake da hatsi da gyaɗa kuma ƙasa da rabi, domin a tsiro yana ɗaure ne da wani sinadari da cikin ɗan Adam ba ya iya warwarewa sosai. Shi kuwa fosfet, wato fosfaras ɗin da kamfani ke zubawa, sama da kashi 90 cikin 100 ke shiga jini. Ana zuba shi don nama ya riƙe ruwa ya yi nauyi a ma'auni, ya yi taushi, launinsa ya daɗe bai dushe ba, kitse da tsoka su haɗu a sosej kada su rabu. Saboda haka abinci biyu za su iya zuwa da adadin fosfaras iri ɗaya a takarda, amma abin da ya isa jini daga ɗayan ya kusa ninka na ɗayan.

Me fosfaras ke yi idan ya taru? Tun kafin ya nuna a gwaji, jiki ya fara yaƙi da shi. Ƙashi na fitar da wani sinadari da ake kira FGF23 don tilasta wa ƙoda ta zubar da shi, wasu ƙananan ƙulluka huɗu da ke bayan maƙogwaro su ma su ƙara aiki, suna jawo kalsiyam daga ƙashi zuwa jini. A hankali ƙashi ya yi rauni, kalsiyam ɗin kuma ya haɗu da fosfaras su daskare a bangon jijiyoyin jini da ƙofofin zuciya, jijiya ta yi tauri kamar tsohon tiyo. Wannan na cikin dalilan da suka sa ciwon zuciya ke kashe masu ciwon ƙoda da yawa tun kafin ma su kai ga wanki. Wasu suna samun ƙaiƙayin jiki da ciwon ƙashi da jan ido, wasu kuwa ba sa jin komai. Daidaitaccen adadi a jini shi ne 2.5 zuwa 4.5 a ma'aunin miligiram, na Baba ya wuce. Ki dai duba takardar gwajin da kyau, domin wasu ɗakunan gwaji suna amfani da wani ma'aunin, inda daidai yake kamawa daga kusan 0.8 zuwa 1.5.

Abin takaici, jadawalin sinadarai da ke bayan leda ba zai taimake ki ba a nan. A Amurka da Tarayyar Turai da sauran ƙasashe da yawa, doka ba ta tilasta a rubuta adadin fosfaras ba. Inda za ki kama shi shi ne a jerin abubuwan da aka haɗa, wannan rubutun mai ƙananan haruffa da ba a cika karantawa ba. Ki nemi haruffa huɗu a jere, "phos", a farkon kalma ne ko a tsakiyarta. Duk inda kika gan su, akwai fosfet. Idan da lambobi aka rubuta, to E338, E339, E340, E341, E450, E451 da E452 duk fosfet ne. Na fotasiyam kuma ki nemi kalmar "potassium", ko E508 da E326. E340 ya haɗa biyun. A 2019 hukumar kula da ingancin abinci ta Turai ta sa iyakar fosfaras da mutum zai iya ci a rana ba tare da illa ba, miligiram 40 ga kowane kilo na nauyin jiki, amma ta fayyace cewa wannan iyakar ba ta shafi waɗanda ƙodarsu ta yi rauni sosai ba. Wato abin da doka ta halatta a zuba, an auna shi ne da jikin masu lafiya.

Wannan karatun leda ba ƙaramin magani ba ne. A jihar Ohayo ta Amurka an yi wani gwaji da masu wankin ƙoda 279 waɗanda fosfaras ɗinsu ya yi yawa, aka wallafa shi a 2009. Rabinsu an koya musu yadda za su gane fosfet a jikin kayan abinci su guje shi, har aka ba su madubin ƙara girman rubutu. Bayan wata uku, fosfaras ɗinsu ya fi na sauran sauka da 0.6. Ba sabon magani aka ba su ba, ba a kuma hana su nama ba. Idan Baba ya samu irin wannan saukar, ya kusa komawa daidai.

Ki yi hattara da wani tarkon kuma: ba sosej da salami da kwanbif da naman gwangwani kaɗai ake zuba wa ba. Akwai ɗanyen nama da kaza, musamman daskararru, da ake yi wa allurar ruwan gishiri da fosfet kafin a rufe a leda. A ido ɗanye ne. Idan ledar ta ce an jiƙa shi, ko an ƙara masa ruwa ko romo, ko kika ga jerin abubuwan haɗi a jikin abin da ya kamata ya zama nama zalla, ki ajiye. Haka yankakkiyar kaza da aka lulluɓe da gari, da kifin da aka niƙa aka sake mulmulawa, da cuku mai narkewa na yanka-yanka, da baƙin lemun kwalba irin su kola.

Maganar sodiyam ta fi sauƙin lissafi. Shawarar KDIGO ita ce ƙasa da miligiram 2,000 a rana, daidai da giram 5 na gishiri, wato kusan ƙaramin cokalin shayi guda a shafe. Wannan ya haɗa da duk abin da ya shiga baki tun safe har dare, ba wanda aka barbaɗa a tukunya kaɗai ba. Ɗanyen nama giram 100 yana da sodiyam kimanin miligiram 60 zuwa 80. Sosej ko kwanbif mai wannan nauyin yakan kai 800 zuwa 1,000, busasshen salami kuma yakan wuce 1,500. Sosej biyu matsakaita sun cinye kusan rabin kason yini. Idan leda ta rubuta gishiri ne ba sodiyam ba, kowane giram ɗaya na gishiri miligiram 400 ne na sodiyam. Kuma "an rage" ba ya nufin "kaɗan ne". Abin da aka rage wa rubu'i daga 1,000 har yanzu 750 ne.

Sodiyam na jawo ruwa ya zauna a jiki, ƙafa ta kumbura, jini ya hau, numfashi ya yi wuya idan an kwanta. Wani abin da ba a cika faɗa wa marasa lafiya ba shi ne yawan gishiri na rage wa losartan ƙarfi. Ana ba da maganin ne don ya rage matsin da ke kan matatun ƙoda ya kuma rage furotin da ke zuba a fitsari, kuma yana aiki sosai ne idan gishiri ya yi ƙasa. Mai shan maganin yana cin gishiri kamar mai ɗiban ruwa ne da ƙwarya mai huji.

Yanzu ga tambayarki ta biyu, iyakar kowanne. Sodiyam na ba ki lamba, kuma ta shafi kusan duk mai ciwon ƙoda. Sauran biyun ba su da lamba guda da ta dace da kowa, gwajin jini ne ke yanke hukunci. Ga wanda fosfaras ɗinsa ya hau, an saba sa masa miligiram 800 zuwa 1,000 a rana, amma ƙa'idojin KDOQI na 2020, na gidauniyar kula da ƙoda ta Amurka, sun koma cewa a daidaita abinci har gwaji ya dawo daidai, a kuma duba daga ina fosfaras ɗin ya fito. Fotasiyam kuma idan ya hau akan tsaya tsakanin miligiram 2,000 da 3,000, wanda nasa yake daidai kuwa ba a hana shi komai. Ban ba ki waɗannan lambobin don ki zauna da ma'auni da biro a kowane cin abinci ba. Ba wanda ke iya jure wannan, kuma tunda ba a cika rubuta adadin fosfaras a leda ba, lissafin ma ba zai fita ba. Cire kayan da aka zuba wa sinadaran ya fi kowane lissafi amfani.

To me zai ci? Wannan ita ce tambayar da ta fi damuna, domin kin ce waɗannan ne yake ci da marmari, kuma a mataki na huɗu rashin son abinci da sauyin ɗanɗano a baki abu ne da ciwon kansa ke kawowa. Na ga tsofaffi da aka yi ta hana su wannan da wancan har suka rame, tsokarsu ta zube, ana kukan targaɗe sai ga karaya. Rama a mai ciwon ƙoda haɗari ce ta gaske. Saboda haka duk abin da kika cire, ki sa wani a gurbinsa a ranar.

Baba na buƙatar furotin, amma daidai gwargwado. Ga wanda ba a fara wa wanki ba, ana auna kimanin giram 0.8 ga kowane kilo na nauyinsa a rana. Idan nauyinsa kilo 70 ne, giram 56 ke nan na furotin daga duk abincinsa, kuma ki tuna dafaffen nama giram 100 na ɗauke da kusan giram 25 zuwa 30. Yanka guda kamar faɗin tafin hannunsa a rana, tare da abin da zai samu daga hatsi da ɗan wake, ya wadatar. Wani likitan zai iya rage masa ƙasa da haka, amma sai da sa ido. Idan wata rana aka fara wanki, lissafin zai juya, a ƙara masa zuwa giram 1.0 zuwa 1.2, domin na'urar na tafiya da wani kaso.

Ɗanyen nama ko kaza ko kifi da kika saya kika dafa da hannunki shi ne mafita. Ki yanka ƙanana, ki tafasa a ruwa mai yawa ba gishiri, ki zubar da ruwan, sannan ki soya sama-sama ko ki gasa. Tafasawar na fitar da wani kaso mai kyau na fosfaras da fotasiyam, furotin kuwa yana nan. Kada a ba shi romon. Farin ƙwai furotin ne mai kyau wanda fosfaras ɗinsa bai taka kara ya karya ba, a gwaiduwa yake taruwa. Hanta da ƙoda da sauran kayan ciki a rage su sosai. Abin da Baba ke so a sosej, in kin lura, ƙamshin ne da ɗanɗano mai ƙarfi, kuma wannan za ki iya kwaikwayonsa: ki niƙa nama, ki haɗa da tafarnuwa da albasa da citta da barkono da ɗan lemun tsami, ki mulmula ki gasa. Ki yi da yawa ki adana a firiza don ranar da ba ki da lokaci. Ban da dunƙulen ɗanɗano, ban da gishirin nan da ake sayarwa da sunan na masu hawan jini, domin shi ne gishirin fotasiyam ɗin da muka fara magana a kai. Makon farko zai ce abincin lami ne. Ki yi haƙuri da shi, harshe na sabawa cikin 'yan makonni, har ya dawo yana jin gishirin kamfani ya yi masa yawa.

Mutane kan tambaye ni ko wanke naman gwangwani ko tafasa sosej zai gyara shi. Yana rage gishirin da ke sama-sama, amma abin da aka cakuɗa da naman tun a injin ba ya fita yadda za a dogara da shi. Idan wata rana ya matsa yana so, kuma gwajinsa ya daidaita, yanka ɗaya ƙarami daga wanda kika karanta ledarsa ba ki ga fosfet ko fotasiyam ba, sau ɗaya a 'yan makonni, ba zai rushe komai ba. Amma da 5.3 da 5.2, yanzu ba lokacin ba ne. Ko ga masu lafiya ma, tun 2015 hukumar binciken cutar kansa ta duniya ta sa naman da aka sarrafa a rukunin abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansar hanji, don haka ba wani abin kirki aka raba shi da shi ba.

Kada ki dakatar da losartan da kanki don na ce yana ɗaga fotasiyam. Maganin na kare ƙodar, kuma likitoci sun fi son a gyara abinci, ko a ƙara maganin da ke fitar da fotasiyam, a kan a cire shi. Abin da ya kamata a cire shi ne magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac, waɗanda ke cutar da ƙoda suna kuma ɗaga fotasiyam. Ki lura da bayan gidansa, domin taurin ciki na iya ɗaga lambar. Idan yana da ciwon suga, hawan sugan ma na yin haka. Idan likita ya rubuta masa maganin ɗaure fosfaras, irin su sevelamer ko na kalsiyam, a tsakiyar cin abinci ake shan sa, domin aikinsa shi ne ya kama fosfaras a ciki kafin ya shiga jini. Shan sa da cikin wofi asara ce.

Ki nemi a sake auna fotasiyam nan da mako ɗaya ko biyu bayan kin cire waɗannan kayan, a haɗa da gwajin tsamin jini, domin idan jini ya yi tsami fotasiyam na fitowa daga ƙwayoyin jiki ko da abinci bai canza ba, kuma wannan yana da magani mai sauƙi. Fosfaras ya fi jinkirin sauka, a ba shi wata ɗaya zuwa uku. Ranar da za ku koma asibiti, ki tafi da ledojin abubuwan da yake ci da duk magungunan da yake sha, har da na gargajiya da na ƙarin kuzari, ki ajiye su a gaban likita ko mai tsara abinci su karanta tare da ke.